Sawun Yatsa a Allon Kar-a-Goge

Abin da na fi tsana a aikina shi ne mutanen kirki. Ɓarawo yakan bar mini sawu ya kama gabansa, amma mutanen kirki sai sun rugo suna salati sun tattake komai. Haka na tarar da ofishin tsohon nan a sashen lissafi na jami'a, takalma iri-iri, kai ka ce kasuwa aka ci a ciki.

Ƙanin matata ne shugaban masu gadin jami'ar, shi ya zo ya ɗauke ni a mota bayan azahar. Na daɗe da ajiye aikin ɗan sanda, inda na ƙarar da ƙuruciyata a bin sawu, amma duk sanda abu ya cakuɗe masa ni yake nema.

"Yaya, a taimaka," in ji shi yana tuƙi kamar zai kashe mu. "Wani tsohon farfesa ne, suna ce masa Kar-a-goge. Mai shara ta same shi kwance a ofis, kai a fashe. Yana asibiti, bai san inda kansa yake ba. An kuma goge masa allo."

"Mutum na kwance rai a hannun Allah, kana yi mini zancen allo?"

"Yaya, a wurin mutanen nan allon shi ne zancen."

Ya ce tsohon ba ya aiki a takarda ko kwamfuta sai ya gama. A allo yake yin komai, ba ya yarda a ɗauki hoto, kuma a kusurwa yakan rubuta KAR A GOGE da manyan baƙaƙe, inda sunan ya samo asali ke nan. Aikin da ke kan allon ya cinye masa shekaru, a makon nan ya kammala shi.

"Wa ake zargi?"

"Ɗalibarsa ta ƙarshe, Auta suke ce mata. Jiya an ji su suna cacar baki. Sufeton 'yan sanda ya ce kafin magariba zai zo ya tafi da ita." Ya rage gudu. "Yaya, jego take. Jaririyarta na gida."

*

A baranda malamai sun yi cirko-cirko, kowa na magana ƙasa-ƙasa, kowa na satar kallon ƙofar ɗakin da aka ajiye yarinyar. Wani gajeren mutum mai kaurin wuya ya taro mu, takalminsa sai sheƙi yake. Shi ne Shugaban Sashe.

"Kai ne mai bin sawun?" ya ce, yana kallona daga sama har ƙasa, ko da yake sai da ya ɗaga kai. "Ban ga amfanin wannan ba. Magana a fili take. Yarinyar ta yi masa rashin kunya jiya, kowa ya ji. Ni abin da nake so a wanke ofishin, jini ne a ƙasa, ɗalibai na wucewa."

"Ranka ya daɗe, duk wanda ya shigar da ruwa ɗakin nan, shi zan fara bi."

Ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. "Aminina ne fa. Tare muka fara koyarwa da shi."

"To ka yi masa addu'a, ni ka bar ni da ƙasa."

Na tuɓe takalmina a bakin ƙofa na shiga, na sa ƙanin matata ya tsare ƙofar.

Allon ya cinye bango guda. Hagu da tsakiya cike suke da rubutu ƙanana-ƙanana, layi bisa layi, ban gane ko ɗigo ba. Ɓangaren dama kuwa an share shi da gaggawa, magogi ya bar shatarsa kamar an yi shara da tsohuwar tsintsiya. A gefen tebur akwai jini, nan kansa ya bugu. Kofin shayinsa ya faɗi, shayin ya gangara har gindin allo ya bushe.

Tsakiyar ɗakin kam an gama da shi, ban ɓata lokaci a kai ba. Na durƙusa a gindin allo, inda masu ceto ba su da dalilin zuwa.

Garin alli ya zuba a kan shayin, ya jiƙe ya daskare. A kansa yake, ba a ƙarƙashi ba. Wato sai da kofin ya faɗi, sai da tsohon ya faɗi, sannan aka goge allon. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Daga nan sawun wanda ya goge allon ya nufi ƙofa, rabi-rabi, an taka mafi yawansa. Amma kafin ya fita ya yi abin da ban taɓa ganin mai gudu ya yi ba. Ya dawo. Ya komo tsakiyar allo, ya tsaya cikin danshin shayin, kuma abin da ya bari kan takalmi ne kawai, biyu, ba dunduniya. Ɗage ya yi, yana miƙa hannu sama.

Na miƙe na bi inda hannun zai kai. A layin sama akwai wani ɗan dabbare, faɗin babban yatsa. An shafe wani abu ƙarami a tsakiyar rubutu, an bar ɗan layi a kwance.

A kusurwar ɗakin na ga wani ɗan benci na katako. Na daɗe ina kallonsa.

*

Mai shara dattijuwa ce, har lokacin salati take yi.

"Inna, kwantar da hankalinki. Yaushe kika shiga?"

"Bayan an dawo daga cin abinci, ɗan nan. Na ƙwanƙwasa shiru, na tura, sai na gan shi. Wayyo Allah, bawan Allah yana numfashi da ƙyar."

"Shayin da ya zube, da danshi ko ya bushe?"

Ta yi tunani. "Ya bushe. Har ƙudaje sun taru."

"An ce kin taɓa goge masa allo."

Ta zaro ido. "Wa ya kai maka wannan? Ina sabuwar zuwa ne! Na ga datti na wanke. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka kamar an yi masa mutuwa, wallahi tun ranar ko kallon allon ba na yi. Daga baya shi ya biya wa jikana kuɗin makaranta. Ni zan taɓa shi?"

Na kalli ƙafarta. Silifa ne na roba mai zane-zane a ƙasa, abin da na gani kuwa ƙasan takalmi ne mai santsi.

"Bencin nan na waye?"

"Na Auta ne. Shi ya sa kafinta ya yi mata, don ba ta kai saman allo. Gajeruwa ce."

Ban so jin haka ba.

*

Na gaba wani malami ne da suke kira Dogo, kuma ba su yi ƙarya ba, sai da ya sunkuya ya shigo. Shugaba ne da kansa ya raɗa wa ƙanin matata cewa akwai jiƙaƙƙa tsakaninsa da tsohon.

"E, ba ma shiri," ya ce kai tsaye. "Ya taɓa tsinka ni a gaban ɗalibai, ya ce lissafina kamar ginin da ba tushe. Na yi shekara ban gaishe shi ba."

"Ina kake lokacin cin abinci?"

"A mota, ina barci. Ba ni da shaida, in abin da kake nema ke nan."

"Me ya haɗa shi da yarinyar jiya?"

"Ofishina na jikin nasa, na ji komai. Tana cewa ya bari ta ɗauki hoton allon, shi yana cewa sai ya sake dubawa. Ta ce masa taurin kansa zai sa su yi asarar komai. Ta fito tana kuka ta buga ƙofa."

"Ta ce za su yi asarar komai?"

"Haka ta ce." Ya shafa gemu. "Na faɗa wa Shugaba, shi kuma ya faɗa wa Sufeto a waya. Da na san yadda za a juya maganar da na yi shiru."

Na ce ya miƙe ya taɓa saman ƙofa. Ya taɓa, gwiwar hannunsa ma ba ta miƙe ba. Wannan ko silin zai shafa ba sai ya yi ɗage ba. Na sallame shi ina jin haushi, don na so a ce shi ne.

Ƙanin matata ya leƙo. "Yaya, an bugo daga asibiti. Jini ya taru masa a ka. Likita ya ce an yi jinkirin kawo shi."

*

Auta na zaune a wani ɗaki mai kujeru, ta haɗa kai da gwiwa. Gaban rigarta ya jiƙe da nono, tana ta jan gyale tana rufewa. Takalminta fata ne mara tudu, ƙasansa santsi. Na gani, ita ma ta ga na gani.

"'Yata, ina kike lokacin cin abinci?"

"Na je gida ba da nono, Baba. Ba kowa sai ƙanwar mijina, sun ce shaidarta ba shaida ba ce."

"Kin ce masa za ku yi asarar komai."

"Ga shi kuwa mun yi." Hawaye suka zubo. "Tsoron da nake ji ke nan, Baba. Alli ne fa. Ko ruwan sama ya shigo ta taga ya gama da mu."

"Bar kukan. Me ke kan allon da har za a fasa kan mutum a kansa? Ki faɗa mini yadda zan gane, ni makarantata ba ta yi nisa a lissafi ba."

Ta share ido. Da ta fara magana sai muryarta ta daidaita.

"Masu kimiyyar fiziks suna nazarin ƙananan abubuwa masu maganaɗisu da aka jera a layi, kowane na jan na kusa da shi. Lissafinsu kamar matakalar bene yake. Akwai ƙa'ida da ta ɗaure kowane mataki da na samansa da na ƙasansa. Ana neman amsar da za ta bi ƙa'idar a kowane mataki. Amsoshi suna da yawa, amma mafi yawansu ba su da ƙarshe, ka yi ta rubutu har ka mutu. Wadda ake so ita ce mai iyaka, wadda za ka rubuta ka ajiye alli. Polinomiyal muke ce mata."

"To?"

"Tambayar ita ce, irin wannan mai iyakar guda nawa ce? Malam ya tabbatar ɗaya ce tak. In wani ya kawo maka biyu, akwai yadda za ka gwama su ka cire, abin da zai rage sifiri ne. Ashe mutum ɗaya ne ya canza riga."

"Wannan ne a ɓangaren da aka goge?"

"Shi ne. Ƙarshen hujjar."

"Wa zai ji ciwo in ɗaya ce?"

Ta sunkuyar da kai. "Wanda ya taɓa cewa biyu ne."

"Waye?"

Ta waiga ta kalli ƙofa. Na ga tsoro ƙarara a fuskarta, ban matsa ba. Na ce ta tashi mu je.

*

Na sa ta tuɓe takalmi, na riƙe hannunta na bi da ita ta gefen bango. Da ta ga jinin sai ta toshe baki. Na ce kar ta kalli ƙasa, ƙasa tawa ce, ita ta kalli allo.

"Wancan dabbaren na sama. Me ke wurin?"

Sai ta nufi kusurwa za ta jawo bencin, ko tunani ba ta yi ba. Na tare ta. Amma na lura, wanda ya saba da benci ba ya ɗage.

Ta ɗaga kai ta ƙura ido. Can sai ta ce, "Wa ya taɓa wannan?"

"Ke zan tambaya."

"Alamar tarawa ce a nan, Baba. An shafe tsayayyen layin, ta koma ragewa. Malam ba ya goge abu da yatsa, soke shi yake yi ya rubuta a gefe, don a ga inda ya yi kuskure."

"To kuskure ya yi aka gyara masa?"

"A'a! Daidai ya rubuta. Gyaran ne kuskure." Ta fara nuni da hannu, ta manta da kuka. "Malam daga saman matakala yake ƙirgowa yana saukowa, mu ɗalibansa duk haka ya koya mana. Wasu daga ƙasa suke hawa. Duk ɗaya ne a ƙarshe, amma a wannan layin alamar takan juya. Wanda ya saba hawa daga ƙasa, in ya kalle shi da sauri, zai rantse kuskure ne."

"Yanzu mutum ya fasa kan mutum, yana gudu, sai ya dawo gyaran alama?"

"Baba, ba ka san mu ba. Alamar da ba daidai ba kamar ƙaiƙayi take mana. Hannu ne ke riga kai."

Kai, jama'a! Na bi ɓarayin shanu, na bi 'yan fashi, ban taɓa cin karo da irin wannan cuta ba.

"A sashen nan su wa ke hawa daga ƙasa?"

"Dogo," ta ce. Ta rage murya. "Da wanda ya koyar da Dogo."

"Shi ne kuma ya ce biyu ne?"

Ta ɗaga kai a hankali. "A kan wannan rubutun aka ba shi farfesa. Baba, ka rufa mini asiri. Shi ke sa hannu a digirina. Wa zai yarda da ni?"

Gaskiya ta faɗa. Kan takalmi mai santsi ba ya kama mutum, rabin mazan barandar nan irinsa suke sawa, ita ma haka. In na fito na nuna babban mutum da yatsa a kan ɗan dabbaren alli, Sufeto dariya zai yi ya tafi da ita. Rana kuma ta yi sanyi, inuwar taga ta kai tsakiyar ɗaki.

"Za ki iya rubuta layin nan a wani allon, yadda malaminki ya rubuta?"

"Zan iya."

"To ki yi haƙuri da abin da za ki ji na faɗa a kanki. Kome na ce, kar ki tanka."

*

Sufeto ya iso da 'yan sanda mata a bayan mota. Ya san ni tun yana kurtu, shi ya sa ya yarda ya ba ni ɗan lokaci, amma ya ce ba zai kai duhu ba.

Na tara su a ɗakin taron sashen: Shugaba, Dogo, mai shara, Auta, da wasu malamai da suka cusa kai. Kafin su shigo na karkaɗe magogi a gindin allo har siminti ya yi fari-fari, na ɗan yayyafa ruwa da yatsu. Auta ta hau bencinta ta rubuta layin a can sama, na ɗauke bencin na kai bayan ɗaki.

"Ranka ya daɗe," na ce wa Shugaba, "ka gafarce ni, ɗazu na yi maka tsaurin ido. Sawu ya nuna gajeren mutum, mai takalmi mai santsi. Ga ta nan."

Mai shara ta ɗora hannu a ka. Auta ta runtse ido. Wallahi sai da na ji kamar in tsine wa kaina.

Shugaba ya gyara zama. "Ai na faɗa tun farko."

"Saura abu guda. Tana cewa ba za ta goge aikin ba don ita ma nata ne, ta san shi kamar tafin hannunta. Na ce ta rubuta layi ɗaya daga ciki mu gani. Ni ban iya karatun nan ba. Ku ne masana, ku faɗa wa Sufeto, ta san aikin ko cika baki take?"

Duk suka ɗaga kai suna duba allon. Na tsaya ina kallon ƙafafu, ba fuskoki ba.

Dogo ya karkata kai. "Kamar akwai matsala a alamar can ta tsakiya," ya ce. "Ko da yake, dakata, in daga sama…"

Ƙafar Shugaba ta hagu ta fara bubbuga ƙasa. Ya matse hannayensa a cinya. Na ga yana kokawa da kansa, kuma na ji tsoro ƙwarai kada hankalinsa ya yi nasara. Sufeto ya kalli agogo, ya yi wa 'yan sandan mata alama da ka. Ɗaya ta matso ta dafa kafaɗar Auta.

"To shi ke nan," na ce da ƙarfi. "Tunda ba wanda ya ga kuskure, ashe ta san aikin. Sufeto, ina ganin sai an sake bincike."

"Wane irin ba kuskure!" Shugaba ya zabura ya miƙe. "Ga shi ƙiri-ƙiri! Ko alama ba ta iya sawa ba, ita ce za ta ce aikin nata ne?"

Ya taka har gaban allo. Ya ɗaga hannu bai kai ba. Ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa, ya sa babban yatsa ya shafe tsayayyen layin, shaf, sau ɗaya.

"Tsaya nan, ranka ya daɗe," na ce. "Kar ka sauke dunduniya. Yanzu ja baya a hankali."

Ya juyo yana kallona. Ina ganin lokacin da abin ya faɗo masa, fuskarsa ta canza kamar an watsa masa ruwan sanyi.

Na kira Sufeto ya durƙusa. Kan takalmi biyu, na hagu ya karkace waje, da wata 'yar tsaga a gefen babban yatsa. Na ce ya biyo ni ofishin tsohon ya ga 'yan'uwansu, da kuma ɗan'uwan dabbaren.

"Na shiga ofishin tare da kowa!" in ji Shugaba. "Dole a ga sawuna!"

"Lokacin da kowa ya shiga shayin ya bushe, Inna ce shaida. Naka ya nutse a ciki yana da danshi. Kuma masu ceto a kan tsohon suka duƙa, ba wanda ya je gindin allo yana ɗage."

Dogo ya miƙe tsaye a hankali. "Malam," ya ce wa Shugaba, "alamar daidai take. Daga sama yake saukowa. Malam, me ka yi?"

Shugaba ya nemi kujera ya zube.

"Shi ya kira ni," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Ya ce yana so in fara gani kafin duniya ta gani, saboda abota. Ya nuna mini amsata ta biyu ita ce ta farko. Duk abin da aka san ni da shi. Na ɗauki magogi, ya riƙe mini hannu, na fizge. Fizgewa kawai na yi, wallahi ban yi niyya ba."

"Faɗuwar na yarda ba ka yi niyya ba," na ce, kuma ban iya riƙe muryata ba. "Amma yana kwance yana numfashi ka tsallake shi ka goge allo. Ka kai ƙofa ka dawo. Ka sami lokacin gyara masa alama, ba ka sami lokacin leƙa baranda ka ce a zo a taimaka ba. Sannan ka je ka ci abinci, ka dawo kana nuna mai jego!"

Shugaba ya sunkuyar da kai. Sai wayar ƙanin matata ta yi ƙara. Ya fita, ya dawo, ya cire hularsa ta aiki ya riƙe a hannu. Ba sai ya yi magana ba. Mai shara ta fashe da salati.

'Yar sandan ta ɗauke hannunta daga kafaɗar Auta. Sufeto ya taɓa Shugaba ya ce su tafi. Ya tashi kamar wanda ya shekara yana jinya. A bakin ƙofa ya tsaya, ya waiwayo, ba ni ya kalla ba, allon ya kalla.

"Amma," ya ce wa Auta, "kin tabbata ba ragewa ba ce?"

"Tarawa ce, Malam," ta ce. "Daidai ya rubuta."

*

Bayan an yi sadakar uku ƙanin matata ya ce in zo in ga an buɗe ofishin, 'yan sanda sun gama ɗaukar hotunansu. Na tarar an wanke ƙasa, ba a taɓa allon ba. Auta na ciki da goyo a baya, Dogo na tsaye yana riƙe mata kwalin alli.

Ta jawo bencin ta hau, ta mayar da ɗan tsayayyen layin inda yake. Sannan ta sauko ta ja bencin zuwa ɓangaren da aka share, ta fara rubutu daga sama.

"'Yata, ashe kin haddace?"

"Ban haddace ba, Baba. Rabin ƙarshen ma ban gani ba, da safen ranar ya ƙarasa shi."

"To ta ina za ki san abin da ya rubuta?"

"Abin da ya rage a allon ba zai bar ni in rubuta wani abu daban ba." Ta goge ido da bayan hannu, alli ya shafe mata kumatu. "Hanya ɗaya ce, shi ya tabbatar."

Jaririyar ta motsa ta fara ƙananan kuka. Na ce ta kwanto mini ita. Na zauna a kujerar tsohon ina jijjiga ta, uwarta na ta rubutu, har ta kai kusurwar da ya rubuta KAR A GOGE. Nan ta tsaya, ta kewaye shi, ta ci gaba a ƙasansa.